Kwaɗon da ya zo Sidni a cikin kwalin ayaba

Da ƙanena ya bugo mini waya da sassafe yana cewa, "Yaya, na tsinci kwaɗo a cikin ayaba," kwaɗon kulle ƙofa na ɗauka. Har na ce masa ya duba ko yana da makulli. Ya yi dariya ya ce a'a, mai rai ne, ga shi nan ya lafe a bayan hannunsa yana ƙifta ido.

A lokacin yana shekararsa ta farko a jami'a a nan Sidni, yana kuma ɗan taɓa aikin asuba a wani shagon kayan marmari da ke yammacin birnin, sauke kwalaye da jera kaya. Watan Yuli ne, tsakiyar hunturun Ostireliya, lokacin da mutum ke fitowa da asuba bakinsa na hayaƙi. Ya ɗago wani nonon ayaba ke nan sai ga ɗan abu kore shar maƙale a tsakanin 'ya'yan, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. Cikinsa rawaya kamar ƙwaiduwa, idonsa ruwan lemo, bayan cinyarsa kuma launin makuba. Yatsa ɗaya na ƙafar gaba ta dama ya gutsire, da alama kwali ne ya datse shi a hanya. Wannan gutsirarren yatsa shi ne daga baya ya zama shaidarsa.

Mai shagon ko a jikinsa. Ya ce abin ba sabo ba ne, a jefa shi bayan shago cikin ciyawa. Ƙanena ya ƙi. Ya ce ya ji tun a makarantar Islamiyya cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe kwaɗo, kamar yadda ya zo a ruwayar Abu Dawud lokacin da wani mai magani ya tambaya ko a sa shi cikin haɗi. Jefa wannan ɗan abu cikin raɓar hunturu kuwa, a ganinsa, da yanka duk ɗaya. Ya sa shi a robar ayis-kirim ya taho da shi gidana, don a ɗakin ɗalibai ba a yarda da dabba ba.

Inda ya fito

Fiye da kashi 90 cikin 100 na ayabar da ake ci a Ostireliya daga arewacin jihar Queensland take zuwa, wajen garuruwan Tully da Innisfail da tudun Atherton. Ƙasa ce mai zafi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tully kaɗai tana samun wajen milimita 4,000 a shekara, har mutanen garin suka kafa gunkin takalmin ruwa mai tsayin mita 7.9 don tunawa da ruwan da aka yi musu a 1950. Kuma, abin dariya, da kwaɗo a maƙale a jikin takalmin.

A gonakin nan ana rufe kowane kan ayaba da leda tun yana jikin uwarsa, don kare shi daga tsuntsu da jemage da ƙunar rana. Cikin ledar akwai laima, akwai duhu, akwai ƙananan ƙwari. Kwaɗon bishiya ba ya neman abin da ya wuce haka. Idan an sare kan aka kai rumfar shiryawa, ana wanke shi ana yayyanka shi, yawancin kwaɗin a nan suke dirowa. Wanda ya ƙanƙame can ciki shi ne ake rufewa da shi. Daga nan sai babbar mota mai sanyi, a ma'aunin zafi na digiri 13 zuwa 14 don kada ayabar ta nuna a hanya, tafiyar fiye da kilomita 2,000, sannan ɗakin nunarwa inda ake busa mata iskar etilin. Kwaɗon da ya fito daga wannan duka da ransa ya riga ya sha wuya.

Irin kwaɗon namu, masana na kiransa Litoria gracilenta, yana cikin waɗanda aka fi tsinta a kwalaye, har ana yi masa laƙabi da kwaɗon ayaba. Akwai babban ɗan'uwansa, Litoria caerulea, mai kai santimita 10, wanda kan shekara 16 ko fiye a hannun mai kula. Shi ma yakan yi irin wannan tafiyar.

Kwana tara a roba

Abin da muka yi a kwanakin farko, in ban da Allah Ya sa da sauran shan ruwansa, da mu muka ƙarasa shi. Na rubuta shi dalla-dalla don kusan duk wanda ya tsinci kwaɗo haka yake yi.

Mun zuba masa ruwan famfo. Ruwan Sidni ana sa masa kulorin da danginsa, kwaɗo kuwa ba da baki yake shan ruwa ba. Da fata yake sha, musamman wani fegi a ƙasan mararsa da yake dannawa a kan danshi. Da fatar yake wani ɓangare na numfashinsa ma. Duk abin da ke cikin ruwa, ko a tafin hannun mai ɗaukarsa, yana shiga jikinsa kai tsaye. Ƙanena kuwa mutum ne da ba ya fita sai ya shafa mai ya fesa turare, da wannan hannun yake ɗaukarsa yana nuna wa 'ya'yana.

Mun yanka masa ayaba, tunda a cikinta aka same shi. Ko kallonta bai yi ba. Muka gwada latas, muka gwada ɗan gutsuren nama. Ashe kwaɗon da ya girma ba ya cin abin da ba ya motsi. Da muka gane haka, ƙanena ya kamo ɗan kyankyaso a bayan firji, a kicin ɗin da uwargida ta fesa wa maganin ƙwari a makon da ya wuce. Ita ce ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai, Ƙanin Miji, da wannan za ka ba shi? Ai gara ka ba shi piya-piya ya sha ka huta."

Ita da ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da kwaɗo ba, ita ta fara ceton ransa.

Sai zancen sanyi. Muka ajiye robar kusa da hita. Da safe muka tarar ya bushe ya yamutse, koren ya koma duhu, ya cusa kansa a kusurwa. Iskar hita busasshiya ce, kwaɗon dajin ruwa kuwa bushewa ta fi sanyi saurin kashe shi. A rana ta bakwai muka ga hancinsa ya fara sāɓulewa saboda gogar murfin roba da yake yi da dare yana neman hanya. Bai ci komai ba har lokacin.

A nan ne na ce a sake shi. Akwai ƙorama da fadama ba nisa da mu, wajen filin wasannin Olimfik, ana jin kukan kwaɗi a can idan an yi ruwa. Na ce a kai shi cikin 'yan'uwansa, Allah Ya raya shi. A ganina wannan ne tausayi. Da na yi hakan, da na yi gyaran gangar Auzinawa.

Abin da ya hana a sake shi

Ƙanena ne ya nemo layin ceto na ƙungiyar masu nazarin kwaɗi ta jihar New South Wales, wadda aka fi sani da FATS. Masu aikin sa-kai ne, suna da izinin hukuma na karɓar irin waɗannan ɓatattun kwaɗi.  Matar da ta amsa ba ta yi mana faɗa ba, amma abu na farko da ta nanata shi ne kada a sake shi ko'ina, kada kuma a zubar da ruwan robarsa a lambu ko a magudanar ruwan sama.

Dalilin farko mai sauƙi ne. Kwaɗon da ya tashi a Tully ba zai jure daren Yuli a yammacin Sidni ba, inda ma'auni kan sauko ƙasa da 8. Dalili na biyu shi ne ya sa na yi shiru.

Akwai wata funfuna da ake kira kaitirid, mai cin fatar kwaɗi. 'Ya'yanta ƙanana ne da ido ba ya gani, suna da wutsiya, suna iyo a ruwa har su sami fatar da za su shiga. Idan ta yi yawa sai fatar ta kasa aikinta na daidaita gishirin jiki, sodiyam da fotasiyam su zube daga jini, zuciya ta tsaya. Kwaɗo na iya ɗauke da ita yana tsalle lafiya lau, ba alamar komai, yana barbaza ta a duk kududdufin da ya shiga. Wata likitar dabbobi 'yar Ostireliya, Lee Berger, da abokan aikinta ne suka nuna a 1998 cewa ita ke kashe kwaɗi a dazukan Queensland da na Amurka ta Tsakiya. A 1999 Joyce Longcore da abokan aikinta a Amurka suka raɗa mata suna Batrachochytrium dendrobatidis. A 2019 wani babban bincike da Ben Scheele ya jagoranta ya ƙiyasta cewa ta rage yawan nau'i 501 na kwaɗi da danginsu a duniya, 90 daga ciki ana jin sun ƙare ƙaƙaf.

Queensland ɗin nan da ayabarmu ke fitowa ta yi rashin da ba a mayarwa. Akwai wasu kwaɗi nau'i biyu a can da macen ke haɗiye ƙwanta, cikinta ya daina narkar da abinci, 'ya'yan su girma a ciki, sannan ta haife su ta baki. Ba a san wani kwaɗo mai irin wannan ba. Kafin ƙarshen 1985 an daina ganin duka biyun, kuma wannan funfunar ake zargi.

To fadamar da na so in kai namu fa? Babbar kasuwar kayan gwari ta Sidni da ke Flemington, inda kwalayen ayaba ke sauka, maƙwabciyar filin Olimfik ce. A cikin filin akwai wani tsohon ramin haƙar yumɓun bulo, wanda a farkon shekarun 1990 aka tarar da wani kwaɗo mai launin kore da zinare, Litoria aurea, yana zaune a ciki. A da ya cika Sidni, amma ya kusa ƙarewa. Saboda shi aka fasa ginin da aka shirya yi a ramin gabanin wasannin 2000, yanzu wata gada ce mai da'ira a sama, mutum ya zagaya ya leƙa ba tare da ya taka wurin ba. Kaitirid na cikin manyan abokan gabansa, har a 2024 Anthony Waddle na Jami'ar Macquarie ya wallafa yadda suke jera baƙaƙen bulo masu ramuka a cikin 'yar rumfar leda, rana ta gasa su, kwaɗin su shiga su yi turare da zafi. Funfunar ta fi son ma'aunin 17 zuwa 25, idan an doshi 30 sai ta fara mutuwa. Mutane na can suna ta wannan fama, ni kuma ina shirin ɗaukar baƙon da ban san abin da ke fatarsa ba in juye musu a ƙofa.

Wani zai ce ai cutar ta riga ta iso Sidni, me ya rage? Na yi wannan tambayar. Amsar ita ce funfunar iri-iri ce, kuma ba ita kaɗai ce cutar da kwaɗo ke ɗauka ba. A hunturun 2021 an yi ta tsintar matattun kwaɗi a gabashin ƙasar, a baranda, a bakin famfo, da rana tsaka, jikinsu ya yi ja ya bushe. Jodi Rowley ta gidan tarihin Ostireliya da Karrie Rose ta gidan namun Taronga suka roƙi jama'a su riƙa aiko da rahoto. Bayan wannan, ba wanda ke wasa da kwaɗon da ya zo daga wani wuri.

Mayar da shi gida ma ba ya yiwuwa. Ko an san gonar da ya fito, ya riga ya ratsa rumfar shiryawa da mota da kasuwa da robarmu. Abin da ya kwaso a hanya zai kai wa na can. Tun ranar da aka rufe kwalin nan, hanyar daji ta rufe masa gaba da baya.

Riƙe shi a ɓoye kuma laifi ne. A New South Wales duk kwaɗin ƙasar suna ƙarƙashin kariyar dokar 2016 ta kare halittu. Ba a kamo su daga daji a ajiye, kuma mai son riƙo sai da lasisi, sai kuma ta hannun wanda aka yarda da shi. Na fara ganin abin kamar tsaurin Turawa ne kawai, lasisi a kan kwaɗo. Daga baya na ga hikimar. Idan aka ce duk wanda ya "ceto" ya riƙe, gobe kowa zai shiga fadama da tocila ya fito yana cewa ceto ya yi.

A rana ta tara muka miƙa shi. Aka killace shi wajen wata biyu, shi kaɗai a akwatinsa, ana yi masa magani ana duba fatarsa da cinsa. A tsakanin nan ƙanena ya shiga ƙungiyar, ya nemi lasisi, ya tanadi wuri. Da aka fito da waɗanda suka warke don raba wa masu lasisi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙafa har ya ga gutsirarren yatsan.

Shekara uku a akwatin gilashi

Akwatin dogo ne a tsaye, don kwaɗon bishiya sama yake nema. Murfin raga, rassa, shuka mai faɗin ganye, ƙaramin kwano na ruwan da aka cire wa kulorin, ana sauyawa kullum domin a ciki yake bayan gida. Akwai ɗan dumi a gefe ɗaya yadda zai zaɓi inda ya fi masa, akwai fitila mai irin hasken rana, ana kuma fesa ruwa da yamma. Abincinsa gyare mai rai, sau biyu ko uku a mako, wanda bai fi faɗin tsakanin idanunsa ba. Kafin a ba shi sai an ciyar da gyaren kansa da karas da ganye, sannan a sa shi a leda da garin kalsiyam a girgiza har ya yi fari. Idan aka yi sakaci da wannan, ƙashin kwaɗo kan yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafa ta karkace. Wato mai kiwon kwaɗo a gaskiya gyare yake kiwo, kuma gyare na kuka da dare, yana tserewa, uwargida ta taɓa samun ɗaya a cikin takalmin makarantar yarinya.

Da rana ba abin kallo. Yakan manne a jikin gilashi ya naɗe ƙafafu ƙarƙashinsa, ya rufe ido, sai ka ce ɗanyen ganye aka liƙa. Ta bayan gilashin kana ganin fayafayen yatsunsa a baje, da maƙogwaronsa yana bugawa a hankali. Bayan isha'i ne yake zama wani abu daban. Idon ya buɗe ya yi baƙi wuluk, ya tako reshe a hankali, ya tsaya cak. Gyare na gilmawa sai ka ga ya faɗa masa da duk jikinsa, ya tura ragowar ƙafar cikin baki da hannu, sannan ya runtse ido har su lotsa cikin kai. Da idon yake taimaka wa haɗiya, yana danna abincin ƙasa. 'Ya'yana sun fi shekara suna kiran juna a zo a ga wannan.

Ba a ɗaukarsa sai dole, da jiƙaƙƙen hannu ko safar da ba hoda, a kuma wanke hannu bayan nan saboda kwaɗi kan ɗauki ƙwayar salmonela. Ba ya sanin mai shi. Wanda ke son dabbar da za ta tarye shi a ƙofa ya nemi kyanwa.

A bazararsa ta biyu muka san namiji ne. An yi wani ruwa mai ƙarfi a watan Disamba, cikin dare sai muka ji wani dogon gurnani daga falo, "waaaa," kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Na fito da tocila na same shi maƙogwaro a kumbure kamar balan-balan. Haka mazansu ke taruwa a kan ciyawar da ruwa ya malale suna kira. Shi kuwa yana kiran mace daga falon wani gida a hawa na biyu. Ban ji daɗi ba a daren nan, ba zan ɓoye ba.

A ganina hukuncin da aka yanke daidai ne, kuma da za a sake, haka zan so a yi, sai dai a kira masu ceto tun ranar farko maimakon ta tara. Amma ba na yarda idan ƙanena yana ba da labari yana cewa ya ba kwaɗon nan sabuwar rayuwa. Abin da ya ba shi akwati ne mai tsafta da gyare a kan lokaci. Wanda ya fi amfana da shawarar shi ne kwaɗon ramin bulo, wanda bai san an yi ba. Kuma kuskurenmu mafi girma, wanda ya fi ruwan famfo da hita, shi ne ba mu lissafa shekaru ba. Mun ɗauka abin 'yan watanni ne.

Ƙanena ya gama karatu, bizarsa na ƙarewa nan da wata huɗu, zai koma gida. Dokar Ostireliya ta 1999 kan muhalli ba ta bari mutum ya fita da kwaɗon ƙasar mai rai don kiwon gida, ko da an bari ma, ba wanda zai kai wannan ɗan abu cikin busasshen hunturun Kano. Zaɓi biyu ne, a mayar wa ƙungiya ta nema masa wani, ko wani mai lasisi ya karɓa a rubuce. Ranar Asabar da ta wuce ya zo da takardar neman lasisi a wayarsa ya miƙo mini.

"Yaya, sunanka zan sa ko na Anti?"

Kafin in buɗe baki ta amso daga kicin cewa a sa nata, tunda dama ita ke sauya ruwan.